Marka da Irin Uwar Gona

Ga ta nan tafe, ga ta nanku.

Ta ƙaraso mu ji ta.

To, ku gyara zama, ku bar ƙanana a gaba. Wannan labari na can baya ne, tun kakannin kakanninmu ba su san alƙibla ba, lokacin da itatuwa ke magana, tsuntsaye kuma suna amsa gaisuwa.

Akwai wani gari, Gangaren Tsamiya. A bakin gonakinsa akwai wata tsohuwar tsamiya, a cikinta Uwar Gona take zaune. Ba wanda ya taɓa ganinta, murya kawai ake ji. Ita ke buɗe wa kowane abu ƙofar haihuwa: gero, akuya, kaza, mutum.

Mutanen garin suna da al'ada guda. In kaka ta yi, damin gero na farko ba a kai shi rumbu. Sai a rataye shi a reshen tsamiya. Nan zai yi rani. Ran da ruwan fari ya sauka, a sauko da shi, a sussuke, a watsa tafi guda a gindin itacen a ce, "Ga naki." Sauran a raba wa manoma su shuka. Haka ake yi, haka ake samu.

Sai aka naɗa wani sarki, Kwasau. Ba mugu ba ne, amma yana son fura. Da safe fura, da rana fura, in ya yi mafarki ma ludayi yake gani. Wata rana ya bi ta gindin tsamiya, ya ɗaga kai, ya ga damin nan da zangarniya manya-manya. Yawunsa ya tsinke. Ya ce shi dai tun da aka haife shi bai taɓa ganin itace ya sha fura ba. Ya sa dogarai suka kwance damin, aka daka, aka dama da kindirmo, ya sha ya lashe ludayi.

A ranar, wata mata mai suna Tabawa ta biyo ta wurin da tsohon ciki. Ta ga 'yan ƙwayoyin gero da suka zube a ƙasa. Ta duƙa da ƙyar ta tsince su, ta zuba a ɗan ƙaramin gora, ta liƙe bakin da ƙaro. In an girgiza sai ya ce kacau-kacau. Ta ba 'yarta Marka, ta ce ta ajiye wa ƙanenta abin wasa kafin ya iso. Marka ta ɗaura shi da zare a ƙugunta, ta yi ta jira.

Wata tara ya cika, shiru. Wata goma, shiru. Cikin Tabawa ya kwanta.

Ba ita kaɗai ba. Damina ta zo, aka shuka geron rumbu, ya tsiro, ya yi tsawo, ya yi ciki, ya ƙi fid da kai. Kaji suka hau ƙwai, ƙwai ya ƙi fashewa. Awaki suka yi ta jan ciki kamar tulu. Shekara ɗaya, shekara biyu, shekara uku. Ungozoma ta koma kaɗin auduga. Askar wanzami ta yi tsatsa don ba suna. Aka cinye hatsin rumbuna, aka share gindinsu, aka koma tafasa da rama.

Kullum da safe Marka takan ɗora kunnenta a kan cikin uwarta ta gaishe da ƙanenta. Ran nan ta gaji, ta ce, "Kai, wai yaushe za ka fito?"

Sai ta ji 'yar murya daga ciki: "Yaya, in fito in ci me, tafasa? Kuma ko na so, ƙofa a rufe take. Uwar Gona ta yi fushi. Ni ma na gaji, ƙafata ta yi tsami."

Tabawa ta yi dariya, amma Marka ta ga yadda uwarta ke dafa bango kafin ta miƙe, ta ga wuyanta ya rame. Ta san in aka ƙara wata shekara a haka, ba uwar ba ɗan.

Maganar jaririn ta kai fada. Sarki Kwasau ya tara gari, aka je gindin tsamiya, ya durƙusa ya tambayi abin da za a yi a huce. Ganye ya motsa, murya ta fito a hankali:

"Ku kawo mini irina."

Sarki ya miƙe ya kaɗe riga, ya ce ya gane. Ya ce tsohuwa kaɗaici ya dame ta, tana son a kawo mata irinta, wata mai kama da ita, su riƙa hira. Fadawa suka ce gaskiyar sarki. Ba wanda ya ƙara tambaya.

Aka kira masassaƙi, ya sassaƙa mace da icen kirya. Aka ajiye a gindin tsamiya. Tsamiya ta girgiza, ta saki busasshen ɗa guda, ƙwal, a kan sarki. Aka kira maginin tukwane, ya gina mace da yumɓu mai faɗin ƙugu. Ƙwal, a kan sarki. Aka kira maƙeri, ya ƙera tasa da baƙin ƙarfe. Wannan karon 'ya'ya uku ta saki. Sarki ya shafa kansa ya ce a yi cigiya, duk wanda ya samo irin Uwar Gona, ya faɗi abin da yake so a ba shi.

A kan kukar gidan su Marka akwai sheƙar shamuwa. Ita ma shekara uku tana kan ƙwai, har ƙafafunta sun sage. Ta leƙo ta kira Marka, ta ce mata ita ta yi yawon duniya, kuma duk inda ta sauka ta tarar mutane suna da tasu uwar gonar, da wani suna, da wata kama. Ta ce wataƙila a cikinsu a dace da irin tasu. Marka ta nemi izinin uwarta. Shamuwa ta kira mijinta ta ce ya hau ƙwan, shi ma ya ɗanɗana. Marka ta haye bayanta, suka tashi.

Suna tafe tana girgiza ɗan gora tana waƙa:

Kacau-kacau, ɗan gorana,
Ƙanena na ciki, ya ƙi fitowa.
Uwar Gona ta ce a kawo irinta,
Wa ya ga irinta ya nuna mini?

Suka yi kudu, suka yi kudu, har suka sauka a ƙasar kurmi inda itatuwa ke rufe rana. A bakin rafi suka tarar da wata mata da goyo. Marka ta gaishe ta, shamuwa na yi musu tafinta. Marka ta zagaya ta yi wa jaririn wasa, sai ta ga ɗan icce ne, baƙi mai sheƙi, kansa da faɗi kamar faifai. Ta ce wa matar ɗan nata akwai haƙuri, ko kuka ba ya yi.

Matar ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ta ce a garinsu macen da ke neman haihuwa ita ke goya wannan. Ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta sa masa tsakiya a wuya. In za ta ci abinci, lomar farko ta taɓa a bakinsa, sannan ta ajiye ta a ƙasa. Ta ce haka ciki ke koyon hanya. Da ta ji abin da ya kawo Marka, ta kwance goyon ta ba ta, ta ce ai ita tuni nata ya shiga, wata uku ke nan.

Suka tashi, suka yi arewa. Suka wuce rairayi, suka wuce ruwan da ba a ganin ƙarshensa, suka isa ƙasar da ruwa ke daskarewa har a taka shi, sanyi na zubowa daga sama kamar auduga. Lokacin sanyin ya fara janyewa.

Mutanen garin na hango su sai suka fito da gudu, mata na guɗa irin tasu, yara na tsalle. Marka ta tsorata. Shamuwa ta saurara, sai ta sunkuyar da kai don kunya. Ta ce wai a wurin mutanen nan shamuwa ce ke kawo jarirai, ta ajiye a kan rufin ɗaki. Ga shi yau sun ga ta kawo wadda ta riga ta yi haƙora.

"Ni," in ji shamuwa, "da nawa ƙwan ma ya gagare ni."

Har wata tsohuwa mai jan kumatu ta riƙe hannun Marka ta ce ita aka kawo wa. Da ƙyar aka fahimtar da ita. Ba ta yi fushi ba, ta ja su gona. Can suka ga manoma da kwanduna cike da ƙwai, an rina shi ja wur. Kowane manomi kafin ya ja kunyar farko sai ya tona rami ya binne ƙwai guda, sauran kuma a ci ana rawa. Tsohuwa ta ce ƙwai kamar dutse yake a waje, amma rai na ciki, haka ƙasa take bayan sanyi. Shamuwa ta kau da kai, ta ce ita ba za ta kalli ana dafa 'ya'yan mutane ba. Marka ta karɓi jan ƙwai guda ta naɗe a gefen zane.

Kacau-kacau, ɗan gorana,
Ƙanena na ciki, ya ƙi fitowa.

Wuri na uku ƙasar duwatsu ce da fararen gidaje. Sun tarar ana kai amarya. Da ta iso bakin ƙofar ango, aka miƙa mata ɗan itacen rumman. Ta ɗaga ta maka shi da ƙasa, ya tarwatse, jajayen 'ya'ya suka watsu ko'ina. Jama'a suka yi ta tafi suna yi mata fatan zuri'a mai yawan haka.

Da aka shige ciki, Marka ta ga wani tsoho ya duƙa yana tsintar 'ya'yan. Ta zaci yunwa yake ji, ta taya shi. Sai ta ga ya kai su bayan gida yana turawa cikin ƙasa da yatsa. Ta tambaye shi don me bai sha ba. Ya ce na cikin kwando shi ne na baki. Wanda ya taɓa ƙasa kuwa iri ne, mai shi na jira. Ya ɗauko rumman guda mai kyau ya ba ta. Marka ta yi godiya, amma hankalinta na gida, ba ta tsaya juya maganar ba.

Suka juyo. Da hantsi suka sauka a Gangaren Tsamiya. Gari ya taru a gindin itacen, sarki a gaba, ya naɗa rawani biyu saboda ƙwal. Tabawa ma ta zo, mata biyu na riƙe da ita.

Marka ta durƙusa ta ajiye ɗan iccen nan mai kan faifai. Ganye ya kaɗa, aka ji dariya mai taushi. Uwar Gona ta ce ta gane aikin, gaisuwar 'yar'uwarta ce ta kurmi, tana amsawa. Amma ba shi ta ce a kawo ba.

Marka ta ajiye jan ƙwai. Uwar Gona ta ce kai, ta ƙasar sanyi har yanzu ba ta daina kwalliya ba. Ta gode. Amma ba shi ta ce a kawo ba.

Saura rumman. Marka ta ɗauko shi. Ta waiwaya ta ga uwarta ta zame ta zauna a ƙasa. Ta ce a ranta, tun da shi ne na ƙarshe, bari ta ba da shi yadda masu shi ke bayarwa. Ta ɗaga ta maka shi da saiwar tsamiya. 'Ya'ya suka watsu, suka gangara, suka shige tsagar ƙasa. Marka ta bi su da ido. Ta tuna lomar farko da ake ajiyewa a ƙasa. Ta tuna ƙwai a cikin kunyar gona. Ta tuna yatsan tsohon nan, da kalmar da ya faɗa.

Ta ɗaga kai ta ce, "Uwa, ki gafarce ni in tambaya. Da kika ce irinki, irin da ake kallo a ce ya yi kama da ke kike nufi, ko irin da ake shukawa?"

Tsamiya ta sauke numfashi, har ganye ya zubo kan mutane.

"Tun ran da na yi magana," in ji Uwar Gona, "ina jiran mutum ɗaya ya yi mini wannan tambaya. Me zan yi da mai kama da ni? 'Yan'uwana sun cika duniya, kin gan su. Irina nake so, geron damina da aka kwance a nan. Da shi nake buɗe ƙofa."

Ido ya koma kan sarki. Sarki ya dubi ƙasa, ya dubi sama, ya dubi cikinsa. Ya ce a gaskiya damin nan ya daɗe da zama fura, kuma, in ba za a ga laifinsa ba, ta yi daɗi. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, har rawani biyun suka zame. Aka aika a duba rumbuna, ko ƙwaya babu. Aka tona ramin tururuwa, tururuwa ta ce ita ma tafasa take ci. Geron da ke tsaye a gona kuwa kara ne da ganye.

Marka ta dubi fasasshen rumman. Ta yi kudu, ta yi arewa, ta gano maganar, ga shi abin babu. Ta koma wurin uwarta ta zauna daɓas.

Kacau.

Tabawa ta ɗago kai. Ta dubi ƙugun 'yarta. Ta ce, "Marka, kin san abin da ke cikin goran nan?" Ta faɗa mata inda ta tsince shi da ranar da ta tsinta. Ashe abin da aka zagaya duniya nema yana rataye a ƙugun mai neman, yana ta kiran kansa tun daga gida.

Marka ta kwance zaren, ta ɗauki dutse. Sai murya ta fito daga cikin Tabawa, kowa na ji:

"Yaya, dakata. Wannan fa nawa ne. Shekara uku ina jin ƙararsa ban taɓa shi ba."

Marka ta ce za ta ba shi ɗan iccen kurmi a madadi. Ya ce shi ba ya goyo. Ta ce za ta ba shi rumman. Ya ce wanda ta fasa? Ta ce to ga jan ƙwai. Ya tambaya ko dafaffe ne. Aka ce dafaffe ne. Ya ce to a fasa goran, amma ya ƙara sharaɗi guda: furar farko ta sabon gero shi zai sha, sarki na kallo.

Sarki ya haɗiye yawu ya ce ya yarda.

Marka ta fasa ɗan gora. 'Yan ƙwayoyi ne, ko tafinta ba su cika ba. Ta watsa su a gindin tsamiya ta ce, "Ga naki."

Ku ji abin da ya faru. Gonaki suka yi wani shuu kamar ruwa na zuwa, gero ya fid da kai gaba ɗaya, zangarniya kamar damtsen ƙato. Ƙwai ya fara fashewa, fas-fas-fas, 'yan tsaki suka fito da zankaye suna cara. Awaki suka haihu, 'ya'yan da gemu. Mijin shamuwa ya ji ana tsattsagarsa ta ƙasa, ya tashi sama yana kiran matarsa. Ungozoma ta jefar da mazari ta rasa gidan da za ta fara shiga. Wanzami ya zauna yana wasa aska yana dariya shi kaɗai.

Tabawa kuwa ko gida ba ta kai ba. Mata suka kewaye ta da zannuwa a nan inuwar tsamiya. Ba a jima ba sai ga yaro ya fito da ƙafarsa, haƙora reras, yana miƙa. Ya gaishe da uwarsa, ya ce sannu da ɗawainiya. Ya dubi Marka ya ce ashe ba ta kai girman muryarta ba. Sannan ya miƙa hannu a ba shi ƙwansa.

Ran suna aka kira shi Shekarau, don ya shekara a ciki har sau uku. Aka dama furar sabon gero da kindirmo, ya sha a gaban fada, sarki na zaune yana bin ludayi da ido. Da ya rage kaɗan, yaron ya tausaya masa ya miƙa masa ƙwaryar ya suɗe.

Sarki ya tambayi Marka abin da take so. Ta ce abu guda: kowace kaka shi da kansa zai ɗauki damin farko a ka ya kai tsamiya. Haka aka yi har ya tsufa. Ɗan iccen kurmi aka bar shi a kogon tsamiya yana taya Uwar Gona zama, don ashe hirar ma ba ta ƙi ba. 'Ya'yan rumman suka tsiro a gefe, amaren garin suka riƙa tsinka. Shamuwa kuma tun daga ranar ba ta yarda ta yi rani a wuri ɗaya ba, sai ta ji ƙamshin ruwan fari take dawowa ta ga ko an ba Uwar Gona nata.

To kun ji. In babba ya yi magana ba ku gane ba, ku tambaya kafin ku zura da gudu, tambaya ba rashin kunya ba ce. Kuma duk wanda ƙasa ta ciyar, ya tuna ya mayar mata da tafi guda.

Ƙurunƙus, kan ɓeran rumbu. Tatsuniya ta koma cikin ɗan goranta, na liƙe bakin da ƙaro. In ƙarya ce, ta bi iska. In da ƙwayar gaskiya a ciki, ku tsince ta ku shuka.